Albasar Galmi da Rigimar Mallakar Suna

A kan babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, akwai garin Galmi. Ko wanda bai taɓa taka garin ba, wataƙila ya ci albasarsa. Ja ce mai ɗaukar ido, ga yaji, ga jure ajiya, shi ya sa manyan motoci ke lodinta buhu-buhu zuwa Akara da Abijan da Kwatano. Manoman yankin sun daɗe suna zaɓen kawunan da suka fi kyau suna mayar da su ƙasa don su ba da iri, kaka da kakanni, har albasar ta zama abin da ta zama.

A shekarar 2006 wani kamfanin sayar da iri da ke Senegal, Tropicasem, ya shigar da takarda a hukumar OAPI yana neman a ba shi haƙƙin mallakar irin albasa mai suna Violet de Galmi. OAPI ita ce hukumar da ke rajistar haƙƙin fasaha a madadin ƙasashe 17 na Afirka, akasarinsu masu amfani da Faransanci, kuma mazauninta na Yawunde. Takarda ɗaya daga gare ta tana aiki a dukkan ƙasashen. Da labarin ya fasu, ƙungiyoyin manoma suka yi ca, gwamnatin Nijar ma ta ƙi amincewa. Daga bisani kamfanin ya saki sunan Galmi, ya koma kiran nasa irin Violet de Damani.

Abin tambaya shi ne yadda aka yi har kamfani ya riga masu abu zuwa ofishin rajista. Amsar tana cikin tsarin dokar kanta. Kafin a ba mutum haƙƙin iri, sai irin ya kasance sabo, ya bambanta da sauran, tsironsa ya fito bai ɗaya, kuma kada ya sauya daga shuka zuwa shuka. Waɗannan sharuɗɗa an yanka su ne daidai wuyan mai ɗakin bincike da lauya. Irin manoma kuwa ba sabo ba ne, ba shi da mai shi guda ɗaya, kuma babu wanda ya rubuta ranar da aka fara shi. Fasaha ce ta gaske, sai dai ba ta da takarda.

Ba Nijar kaɗai ta ga irin wannan ba. Sai da 'yan Indiya suka yi shekaru suna shari'a kafin ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya soke, a 2000, haƙƙin da ya bai wa kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka a kan maganin cutar shuka da ake haɗawa da man darbejiya. Habasha ma ta ja da Starbucks a kan sunayen kofinta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har suka sasanta a 2007.

Hanyar da Nijar ta bi daga baya ta fi dacewa da dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kai, wato rajistar sunan asalin wuri. A nan sunan na duk wanda ya noma abin ne a yankin da aka shata, bisa ƙa'idojin da masu sana'ar suka rubuta da kansu. Kamaru ce ta fara cin moriyar tsarin a 2013 da masoron Penja da farar zumar Oku, kuma farashin masoron ya tashi sosai bayan rajistar. Yanzu albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu wannan shaida, cuku da fatar jar akuyar Maraɗi kuma an yi musu tambarin haɗaka. Mai kilishi a Kano kada hankalinsa ya tashi: abin da aka kare shi ne laƙabin kilishin Nijar, ba kalmar kilishi ba. Amma ya kamata ya lura cewa Najeriya ba ta cikin OAPI, kuma dokar tambarin kasuwancinta tun ta 1965 ce.

Sauran aikin yana garka da kasuwa. Shaidar rajista ba ta hana albasa ruɓewa a cikin rudu idan damina ta kama, ba ta hana manomi sayarwa da arha lokacin girbi saboda bashi, kuma ba ta tsayawa a kasuwar Akara ta duba ko dillali ya cakuɗa ta Galmi da wata. Sai ƙungiyar manoma ta iya tantance iri, ta buga alama a kan buhu, ta biya masu sa ido, ta kuma kai ƙara idan an yi mata sojan gona. Duk wannan kuɗi ne, kuma yawancin masu noman rani a kwaruruwan Tawa ba su da rarar da za su zuba a ciki.