Su wa ke lissafin Kamarun 2035?

Masu sauraro, tambayar wannan mako daga unguwar Briqueterie a Yawunde ta zo: mene ne aikin cibiyoyin nazarin manufofi irin su Nkafu da CAMERCAP? Ba sa kafa doka, ba sa karɓar kuɗin duwan. Nasu bincike ne: su tara alƙaluma, su hango inda ƙasa ta dosa nan da shekara ashirin, su ba hukuma shawara.

To, ina ruwanka? A 2009 gwamnati ta fitar da burin 2035, sannan tsarin SND30 na 2020 zuwa 2030 ya ce a rage shigo da abin da za a iya samarwa a gida. In abin ya kai kan madara, kai mai shanu a Adamawa nonon garkenka zai yi daraja. Kai kuma mai fataucin madarar gari, haraji na iya hawa kanka.

Inda gizo ke saƙar, a ganina, da Faransanci da Turanci ake rubuta rahotannin, kuma ba kowane mai bincike ya taɓa taka burtali ba. Ku sa ƙungiyoyinku su kai musu ƙorafi a rubuce, ko kan burtalin da gonaki suka cinye, ko kan shingayen hanyar Kye-Ossi.