Akara: Yadda ake saka robar bakin rufi ta daɗe tana kare gida

A unguwannin Alajo, Nima da Maamobi da ke birnin Akara na ƙasar Gana, gidaje a matse suke da juna, kuma yawancinsu rufin kwano ne. Idan damina ta kankama a watannin Mayu da Yuni, bakin rufi ne ke fara ba da matsala. Ta nan iska ke shiga ta ɗaga kwano, ta nan kuma feshin ruwa ke jiƙa katako har ya ruɓe.

Shi ya sa masu gidaje da dama ke lulluɓe bakin rufi da fallayen robar PVC, haɗe da goshin gida, wato ɓangaren bango mai kusurwa uku da ke ƙarƙashin tsinin rufi. Robar ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, ba ta kuma buƙatar fenti. Sai dai tana miƙewa idan ta ji zafi, ta tsuke idan gari ya yi sanyi. Falle mai tsawon mita 4 kan iya ƙaruwa da kusan milimita 5 tsakanin asuba da tsakar rana.

Don haka ƙwararren kafinta ba ya danne ta da ƙusa. Yakan buga ƙusar a tsakiyar dogon ramin da aka tanada a jikin robar, ya bar ɗan sarari kamar milimita 1 a ƙarƙashin kan ƙusar. A ƙarshen kowane falle, inda yake shiga cikin robar gefe mai siffar harafin J, ana barin milimita 6. Idan ba a yi haka ba, robar za ta kumbura ta lanƙwashe, ruwa ya samu kafa.

A goshin gida daga ƙasa ake fara aiki a nufi tsini, ta yadda na sama zai hau kan na ƙasa, ruwa ya gangaro ta waje. Tazarar ƙusoshin robar gefe kada ta wuce santimita 30. Iskar teku mai gishiri na saurin cin ƙarfe a Akara, kamar yadda take yi a Lome da Kwatano, saboda haka ƙusar da ba ta tsatsa ce ta dace. Kafin komai kuma a canza duk katakon da ya ruɓe, domin roba ɓoye ɓarna kawai za ta yi.

Saura inda ruwan zai zuba. Alajo na bakin kogin Odaw, wanda ambaliyarsa ta 3 ga Yuni, 2015, tare da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, ta yi sanadin mutuwar mutum sama da 150. Ya kamata indararo ya kai ruwa cikin kwata ba tare da ya zuba a bangon maƙwabci ba, sannan a kwashe guntayen robar da aka yanke kada su toshe magudana.