Gashin Furoton: Hasken da Ya San Inda Zai Tsaya

Idan aka kwantar da mai ciwon daji a ƙarƙashin na'urar gashi irin wadda aka saba da ita, hasken eksire yakan ratsa fata da tsoka, ya iske ƙarin, sannan ya zarce ya fita ta ɗaya gefen. Duk abin da ya tarar a hanya sai ya taɓa shi. Ga babban mutum mai ƙari a cinya, abin da sauƙi. Ga yaro ɗan shekara huɗu mai ƙari a ƙwaƙwalwa kuwa, abin da hasken ya taɓa yana iya zama jinsa, ko girman jikinsa, ko basirar da zai yi karatu da ita.

Wannan ɓarna ce Robert Wilson, masanin kimiyya ɗan Amurka, ya hango mafitarta a 1946. Ya ce a yi amfani da furoton, wato ƙwayar da ke tsakiyar zarrar haidurojin. Furoton yana da wata ɗabi'a da William Bragg ya gano a irin waɗannan ƙwayoyi tun farkon ƙarni na 20: yakan shiga jiki a guje, bai cika ɓarna a hanya ba, sai ya kai wani zurfi ya juye ƙarfinsa gaba ɗaya ya tsaya cak, kamar mahayin da ya yi sukuwa ranar hawan salla ya ja linzami a gaban sarki. Inda ya tsaya, nan ƙura ke tashi. Gudun da aka ba shi ne ke yanke zurfin, saboda haka likita na iya saita shi ya tsaya a cikin ƙarin, naman da ke baya ya tsira.

An fara gwadawa a kan marasa lafiya a Bakili ta jihar Kalifoniya a 1954, amma sai a 1990 aka buɗe cibiya ta farko a cikin asibiti a Amurka, a Loma Linda. Japan ta ƙara gaba a 1994, ta fara amfani da ƙwayoyin kabon a garin Ciba. A nahiyarmu ta Afirka, cibiyar iThemba da ke kusa da Keftawun ta fara gashin furoton a 1993, daga baya aikin ya tsaya.

Aikin yana son natsuwa ƙwarai. Ana ƙera wa yaro abin rufe fuska na roba daidai da kansa, a ɗaure shi jikin gado don kada ya motsa, ƙanana ma sai an sa su barci. Haka za a yi ta yi, kwana 5 a mako, kusan mako 6. Ko ramewa mara lafiya ya yi, dole a sake lissafi, don wurin tsayawar hasken ya gusa. Na'urar da ke juyawa kewaye da gadon kan haura tan 100, ga maganaɗisai, ga katangun kankare masu kauri, ga buƙatar lantarki marar yankewa. Tsadar daga nan take.

Amfaninsa ya fi bayyana a ƙarin ƙwaƙwalwa da laka na yara, da ƙarin ido, da wanda ya tsiro a gindin ƙoƙon kai. A kansar mafitsara ta maza, wato furostet, bincike bai nuna ya fi gashi na zamani da aka saba ba. Wannan ya shafe mu, domin tun 2019 akwai cibiyar furoton a Cennai ta Indiya, kuma mutanenmu na yawan zuwa ƙasar neman magani. Kafin iyali su sayar da gona, ya kamata su tambayi likita ƙarara: wane sashe na jiki furoton zai kare wanda gashin yau da kullum ba zai kare ba?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yawancin majinyatanmu gashin eksire ɗin ma ya ishe su, da za su same shi a kan lokaci. Nijar sai a 2021 ta buɗe sashen gashi na farko a Yamai. A Najeriya kuwa mutum kan taso daga nesa zuwa Zariya ko Abuja, a ce masa na'ura ta lalace, ya koma gida ya jira, ƙarin na ci gaba da girma.