Sayen Doki Ba Wuya, Ɗaurinsa Shi Ne Aiki

Garin Jikwoyi yana kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta nufi Karshi, a cikin yankin Babban Birnin Tarayya, kuma akasarin mazaunansa ma'aikata ne da 'yan kasuwa waɗanda ke yin sammako zuwa cikin Abuja, ba su komowa gida sai bayan magariba. Wuri ne da fili ya yi tsada, ɗaki ɗaya ma sai an yi da gaske kafin a same shi. Amma duk da haka a irin waɗannan unguwanni mutum yana iya gamuwa da saurayin da zai gaya masa cewa yana da dawaki goma, da goɗiyoyi masu ciki, da mahayin da yake biya. Ba ƙarya yake yi ba, sai dai bargar tasa tana cikin wayar hannu ne, a cikin irin wasannin nan na intanet da ake ba mutum ragamar gidan dawakin sukuwa ya tafiyar da shi.

Wannan irin wasa ba sabon abu ba ne. Tun a cikin shekarar 1991 aka fitar da wani mai suna Derby Stallion a ƙasar Japan, daga baya wani kamfani na Faransa ya fito da Howrse, sa'an nan a cikin 2019 kamfanin PikPok na ƙasar Niyu Zilan ya fitar da Rival Stars Horse Racing, wanda ake bugawa a waya. Ko da yake sun sha bamban a wurare da dama, tushensu ɗaya ne. Akan ba sabon shiga ɗan jari kaɗan da doki ɗaya ko biyu, a bar shi ya ciyar, ya horar, ya shiga tsere, ya haɗa barbara, ya faɗaɗa barga da abin da ya ciwo. A nan ne fa yawancin sababbi ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba, kuma ramin da suke faɗawa shi ne wanda masu ɗaurin doki na gaske suka daɗe da sani a ƙasar Hausa.

Dokin Miliyoyi Da Dokin Araha

Da zarar sabon shiga ya ga jari a hannunsa, sai ya zarce kasuwa ya zaɓi dokin da ya fi kowanne tsada, ya juye kuɗin duka a kansa. Washegari sai ya tarar ba shi da na abinci, ba na horo, ba na shiga tsere. Don kada mai karatu ya zaci wannan wautar yara ce kawai, manyan attajiran duniya ma sun taka wannan sawu. A cikin 1983 Shehu Muhammad bin Rashid Al Maktum na Dubai ya sayi wani dukushi mai suna Snaafi Dancer a Amurka a kan dala miliyan 10 da dubu 200, domin ubansa shahararre ne. Dokin nan bai taɓa shiga tsere ba ko sau ɗaya saboda rashin gudu, da aka mai da shi wajen barbara kuma, 'ya'yan da ya bari ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. A cikin 2006 aka sayi wani, The Green Monkey, a kan dala miliyan 16. Sau uku ya shiga fage, bai zo na ɗaya ba ko sau ɗaya. Alhali kuwa Seattle Slew, wanda aka saya dala 17,500 kacal a 1975, shi ne ya lashe manyan tsere uku na Amurka gaba ɗaya a cikin 1977.

A fadojin ƙasar Hausa tun zamanin da akwai sarautar Shamaki, watau mai kula da bargar sarki, kuma duk wanda ya zauna da tsofaffin 'yan barga ya san cewa idan aka zo musu da zancen sabon doki, ba su fara tambayar launinsa, ko akawal ne ko kili ko hurde. Abin da suke fara tambaya shi ne me aka tanada na harawa, wa kuma zai riƙa kwana kusa da turke. Dalili kuwa shi ne lissafin ba ya ƙarya. Doki mai nauyin kilo 400 yana bukatar abinci kimanin kilo 8 kowace rana, mafi yawansa ciyawa da harawa, sauran kuma hatsi da dusa, ga kanwa a kai a kai. Idan aka tara na shekara guda, ya kusa tan 3. Ruwa kuwa yakan sha daga lita 25 zuwa 50 a yini, ya ma zarce haka in ana zafi ko ya yi aiki. Kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa, waɗannan kuwa kullum ne, ko dokin ya ci tsere ko bai ci ba.

Saboda haka dabarar da ta fi ga mai fara wasan ita ce ya raba jarinsa tun ranar farko, ya sayi doki matsakaici da kashi ɗaya, ya ajiye sauran don hidima. Kada kuma ya yi gaggawar cika barga da dawaki. Biyu masu ƙoshi da horo sun fi shida da ake raba wa ɗan abin da bai isa ba.

Sanin Halin Doki

Abu na biyu, wanda a gaskiya shi ne zuciyar sana'ar, shi ne sanin irin tseren da ya dace da kowane doki. Turawan Ingila suna auna filin sukuwa da wani ma'auni da suke kira falon, wanda ya yi mita 201, takwas ɗinsa ne mil guda, kuma wasannin waya da yawa sun ɗauko shi. Akwai dokin da ke tashi kamar kibiya amma numfashinsa ba ya wuce mita 1,000 ko 1,200. Akwai kuma wanda ba ya zafi sai an yi nisa, irin wanda ake nema a babban tseren Dabi na Ingila, wanda aka fara tun 1780, ake kuma yinsa yanzu a kan kimanin mil ɗaya da rabi. Wanda ya ɗauki na farkon ya jefa shi a tseren na biyun, ya yi asarar kuɗin shiga, ya kuma gajiyar da dabba a banza, sa'an nan ya koma yana zagin doki alhali laifin nasa ne.

Yawancin wasannin suna rubuta wa mutum waɗannan abubuwa a fili: nisan da dokin ya fi so, irin ƙasar da ta fi masa, ko mai tauri ko mai laushi, da kuma ko ya fi son jan gaba ko ya laɓe a baya sai an kusa ƙarshe ya zabura. Sababbi ba su cika tsayawa su karanta ba, lambar gudu kaɗai suke dubawa. Haka kuma sukan ruɗu da abin da dokin ya yi a wajen gwaji shi kaɗai, sun manta Hausawa sun ce doki ɗaya a fage gudu gare shi.

Ya kamata kuma a fara da ƙananan tsere. Ko a filayen sukuwa na Nijeriya ba a haɗa kowa da kowa, akan ware dawakin Arewa daban, na Sudan daban, na ƙetare daban, domin kowane ya kara da tsararsa. Ƙaramar kyauta da ake ci a kai a kai ita ke riƙe barga, babbar kyautar da ake hange daga nesa kuwa ba ta sayen ko damin harawa ɗaya.

Batun hutu ma haka yake. Mai doki na gaske ba ya sukuwa kullum. Yakan fita kilisa da sassafe ko da la'asar, a yi tafiya, a yi sassarfa, a komo a goge jiki a duba kofato, sai jifa-jifa ake sakin linzami. A cikin wasa ma akan nuna gajiyar doki, kuma wanda ya dinga jefa dokinsa a tsere bayan tsere don ƙwaɗayin kyauta, ƙarshenta sai ya ga gudun yana raguwa, ko kuwa ya ji rauni ya zauna.

Wajen haɗa iri kuwa, a nan ne wasa ya fi yi wa gaskiya nisa. A waya dukushi yakan faɗo cikin 'yan sa'o'i, alhali goɗiya wata goma sha ɗaya take ɗauke da ciki, kana a jira shekara biyu ko uku kafin a san ko abin da ta haifa zai yi gudu. Amma darasin guda ne. Dukkan dawakin tsere na Turawa da ake kira Thoroughbred, salsalarsu ta wajen uba tana komawa ga ingarmu uku ne da aka kai Ingila daga ƙasashen Gabas, kuma tun 1791 ake rubuta asalin kowane ɗaya a cikin littafi. Ba don rubutun nan ba, da ba a san wane jini ne ke ba da gudu ba. Sabon shiga ya samu ɗan littafi ko da na kwabo ne, ya riƙa rubuta wa ya haɗa da wa, me aka samu. Kada kuma idonsa ya tsaya a kan ingarma ya raina goɗiya, domin rabin jinin nata ne, kuma sau da yawa goɗiyar da aka sayar don a sami kuɗin gaggawa ita ce ake cizon yatsa a kanta.

Inda Wasa Ke Cin Kuɗin Gaske

Akasarin waɗannan wasanni kyauta ake saukar da su, amma suna da kuɗi iri biyu a ciki: wanda ake samu ta hanyar cin tsere, da wanda ake saye da kuɗin aljihu. An tsara su ne yadda mutum zai riƙa cin karo da jira, ginin barga ya ɗauki sa'o'i, haihuwa ta ɗauki sa'o'i, sai a nuna masa cewa in ya biya kaɗan za a gama masa nan take. Kaɗan-kaɗan ɗin nan, idan aka haɗa da kuɗin data, shi ne yakan cinye wa ƙaramin ma'aikaci kuɗin motar mako guda bai ankara ba. Haƙuri ne kaɗai abin da ba a sayarwa a wasan, shi ne kuma ya fi amfani.

Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari. A cikin 2019 wani kamfani na Ostareliya ya fito da Zed Run, inda aka riƙa sayen dawakin kwamfuta da kuɗin kirifto, a sa su tsere don cin kuɗi. A 2021 abin ya yi tashe ƙwarai, har ana sayen doki ɗaya dubban daloli. Da kasuwar kirifto ta karye a 2022, farashin dawakin ya bi ta, mutane da yawa suka wayi gari da abin da ba mai saye. Dokin gaske in ya kasa gudu, ko ba komai a yi hawan salla da shi, ko a sayar wa mai bukata. Na kwamfuta kuwa ranar da kamfani ya rufe, shi ke nan. Malaman fiƙihu sun yarda da sanya kyauta ga wanda ya ci tseren dawaki, amma zuba kuɗi a kan wane doki zai zo na ɗaya caca ce, kuma duk wasan da ya fara neman a sa kuɗi don a ci kuɗi ya tashi daga wasa.

Mai Son Ya Taɓa Na Gaske

Ba mamaki a cikin masu wannan wasa a sami wanda sha'awa za ta kai shi ga son ɗaure doki na gaske a gida. Sha'awa ce mai asali. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya shahara da son dawaki, shi ne kuma ya dasa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da aka sani har ƙasashen waje. A Kaduna aka yi babban hawan daba na 1956 domin Sarauniyar Ingila, aka kuma yi na bikin FESTAC a 1977, sa'an nan a cikin Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Sai dai Jikwoyi ba Katsina ba ce. Ƙasar Abuja ta fi ruwa da duhuwa, kuma tun zamanin da, yawan ƙudan tsando mai kawo cutar sammore yana cikin abubuwan da suka sa doki bai cika daɗewa ba idan aka gangara da shi kudu. Ga kaska, ga kuma wata muguwar cutar dawaki ta Afirka wadda wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ke yaɗawa da magariba da asuba, musamman da damina. Dawakin gida suna da ɗan jurewa, amma a cikin waɗanda aka kawo daga ƙetare takan kashe har tara cikin goma na waɗanda ta kama. Shi ya sa dokin Arewa ya fi dacewa da mai farawa, a kuma san likitan dabbobin da za a kira tun kafin a kawo dokin, ba sai ya kwanta ba.

Cikin doki ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, ba ya kuma iya amai, don haka hatsi mai yawa a lokaci guda, ko canza masa abinci farat ɗaya, yana iya jawo ciwon cikin da zai kashe shi a dare ɗaya. Kofato yana son gyara duk bayan mako shida zuwa takwas. Shekarunsa kuma a haƙori ake dubawa, ba a bakin dillali ba, domin sai ya kai wajen shekara biyar yake gama fitar da haƙoran girma. Harawa da kaka ake sayenta a adana, lokacin da take araha, wanda ya bari sai bazara zai gane kurensa. A unguwar da gidaje da yawa ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa kuwa, jarka biyu ta doki a kowace rana tana cikin lissafi.

Babu wasan waya da ke koyar da waɗannan. A barga ake koyonsu, a wurin mutanen da ke tashi tun asuba su share kashi, su ba da ruwa, su shafa ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya suna neman inda ya yi zafi ko kumburi. Ana samun irinsu a filin folo na Guards da ke Abuja, da filin sukuwa na Kano, da bargogin Katsina da Zariya da Sakkwato, har da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya je musu da ladabi ya ce koyo ya zo yi, galibi ba sirdi za su fara miƙa masa ba, tsintsiya ce da bokiti.