Allura Zuwa Zuciyar Ɗan Tayi

 

Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan shafi, ga wani labari na likitocin Ingila da Amurka wanda ya shiga babin da muka saba karantawa a zaure, watau hukuncin abin da ke cikin ciki. Sun kai ga yi wa ɗan tayi aiki a zuciyarsa tun bai fito duniya ba.

Ku sani zuciya gida ce mai ɗaki huɗu. Na dama su ke tura jini zuwa huhu, na hagu su karɓo shi su raba wa jiki duka. Ibnun Nafisi, likitan Alƙahira wanda ya rasu a 1288, ya riga Turawa faɗin cewa jini sai ya bi ta huhu kafin ya ƙetara daga dama zuwa hagu, cikin sharhin da ya yi wa Ƙanun na Ibnu Sina. Amma ɗan tayi ba ya shaƙar iska, uwa ke yi masa numfashi ta cibiya, saboda haka Allah Ya ara masa waɗansu gajerun hanyoyi waɗanda su kan rufe bayan haihuwa. Shi ya sa mai naƙasasshiyar zuciya ya kan zauna lami lafiya a ciki, sai an haife shi, wani lokaci tun ba a raɗa suna ba, a ga ya dushe, ya kasa kama nono. Kusan jariri 1 cikin 100 a kan haifa da wani aibi a zuciya, ko da ya ke mafi yawa ba su kai wannan tsanani ba.

Aibin da mu ke magana a kansa shi ne ƙofar da ke bakin babban ɗakin hagu, inda jini ke fita zuwa uwar jijiya, ta ƙuntata tun ciki na tsakiya. Ɗakin da jini ba ya gudana a cikinsa kuwa ba ya girma, ya kan tsaya cik kamar lambun da aka toshe wa magudana. Sai a haifi yaro da rabin zuciya, wanda ba ya rayuwa sai an buɗe ƙirjinsa sau uku: cikin kwanakinsa na fari, da bayan 'yan watanni, da kuma lokacin da ya kai shekara biyu zuwa huɗu. Likitoci suka ce, to, me zai hana a buɗe ƙofar tun ɗakin bai gama lalacewa ba?

Ga yadda su ke yi. A kan duba da na'urar hoton ciki, a lallaɓa ɗan tayin har ya juyo ƙirjinsa sama, a yi masa allurar da za ta hana shi jin zafi da motsi. Sa'an nan a soka wata doguwar allura ta ratsa cikin uwa, da mahaifa, da tsakanin haƙarƙarinsa, har bakinta ya shiga ɗakin hagu. Zuciyar duka ba ta wuce girman dabino ba, ƙofar kuwa misalin ƙwayar dawa, alhali tana ta bugawa. Ta cikin allurar a zura waya siririya kamar gashi mai ɗauke da 'yar jaka a motse, a tsaida ta a bakin ƙofa, a ɗura mata ruwa ta kumbura ta buɗa wurin, a zare. Ba a tsaga cikin uwa ba.

An fara gwada wannan a asibitin Guy's na London a 1989. Farkon abin bai yi armashi ba, gama da aka tattara labarin 'yan tayi 12 da aka yi wa a duniya, aka buga a 2000, biyu kaɗai aka samu da rai. A shekarar nan ce asibitin yara na Boston ya ɗauki aikin gadan-gadan, likitocin Linz ta Ostiriya kuma suka bi. A 2014 mutanen Boston suka fito da lissafin ɗari na farko: 88 aka haifa da rai, a cikinsu 38 suka samu zuciya mai aiki gefe biyu. Attajiri ya san yadda a ke karanta irin wannan lissafi. Akwai riba, akwai kuma waɗanda suka mutu a ciki, kuma ko masu ribar da yawa sai da aka ƙara yi musu aiki bayan haihuwa. Su likitocin ma suna jayayya a kan ko waɗansu daga cikin 38 ɗin da ma za su tsira da zuciyarsu ba tare da allura ba.

To, ina hukunci? A kan yi aikin tsakanin wata na biyar da na bakwai, watau bayan kwana 120 da a ke busa rai. Mai haƙƙi ne ke nan tun da can: a mazhabar Maliku a kan dakatar da rabon gado har a haife shi, Risala kuma ta aza wa wanda ya jawo ɓarinsa gurra ta dinari 50 ko dirhami 600. Nema masa magani babu laifi. Sai dai inda na daɗe ina juyawa shi ne allurar ta jikin mace mai lafiya ta ke bi, don amfanin waninta, amfanin kuma zato ne, bai kai yaƙini ba. Abin da na gani, izini nata ne, bayan an gaya mata ribar da asarar ba tare da ƙawatawa ba. Miji ya ba da shawara, amma ba shi da ikon tilasta mata, in kuwa ta ƙi, kada wani ya ce ta kashe ɗanta. Gwanin likita da ya yi aikin da izini, bai kuskure ba, babu lamuni a kansa in ɗan tayin ya mutu.

Duk wannan kuwa ba ya tasowa sai an gano ciwon da wuri, da hoton ciki da a ke yi wajen mako na 20, a hannun wanda ya iya duban ɗakunan nan huɗu. Allah ne Mafi sani.