YADDA TSUNTSAYE SU KE HAIHUWA

Kowa ya zaga Birnin Zazzau ya san garin rimaye ne, har ga unguwanni da su ka ci sunansu, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko. A bisa irin waɗannan manyan itatuwa ne shamuwa da ungulu su ka saba yin sheƙa. Amma kaɗan ne daga cikinmu su ka san yadda ƙwai ya ke samuwa, balle abin da ya ke sa ya zama tsuntsu.

Mu fara da kaza, tun da ita ce kusa. Kaza ta kan yi ƙwai ko ba zakara a gidan, amma irin wannan ƙwan na ci ne kawai, ko ta shekara tana kwanci ba zai ƙyanƙyashe ba. Sai an yi barbara tukuna. Yawancin tsuntsaye mazansu ba su da gaba irin na dabbobi, sai kaɗan, kamar agwagwa da jimina. Namiji ya kan hau bayan tamace, ta kau da wutsiya, duburarsu ta haɗu kamar ƙiftawar ido, irin namiji ya wuce. Jikin kaza ya kan ajiye irin nan wajen mako 2 yana da rai, don haka barbara ɗaya ta ishi ƙwai da dama.

Gwaiduwa ita ce farkon ƙwai. In kun fasa ɗanye kun duba, za ku ga wani ɗan farin ɗigo a kanta. Nan ne irin namiji ya ke shiga, daga nan kuma tsako ya ke tasowa. Gwaiduwar guzurinsa ce. Tana gangarowa farin ƙwai ya lulluɓe ta, sa'an nan ɓawo ya rufe, duka cikin misalin sa'a 25. Saura ɗumi. Kaza kwana 21 ta ke kwanci, zabuwa wajen 27, tattabara wajen 18. Tattabarai ƙwai 2 su ke yi, miji da mata suna karɓa-karɓa wajen kwanci, su kuma ciyad da 'yan shila da wani abu kamar kindirmo daga marorinsu.

Kowane tsuntsu da lokacinsa. Shamuwa ta kan iso da bazara daga ƙasashen kudu, ta yi ƙwai 2 ko 3, domin 'ya'yanta su fito sa'ad da fari da kwaɗi su ka yawaita. Ungulu kuwa sai damina ta wuce, ƙwai 1 tak ta ke yi, ta yi kwanci wajen kwana 50, ɗan kuma ya yi wata 3 ko fiye kafin ya tashi.

To, jama'a, ga inda magana ta ke. In aka ɗauke wa kaza ƙwai, gobe ta sāke wani. In aka ɗauke na ungulu, ko aka sare itacen da ta yi sheƙa, sau da yawa haihuwar shekaran nan ta tafi ke nan. Ga kuma masu kama ta domin sayarwa ga masu magani. Dattawa sun san lokacin da ba a raba mahauta da ungulu, yau kuwa ganinta ya zama labari. A shekarar 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, watau IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu cikin waɗanda ke bakin ƙarewa. In ta ƙare, mushen da ta ke kwashewa kyauta zai ruɓe a bayan ganuwa, ya zama rabon ƙudaje da karnuka.

Saboda haka mu da za mu fita koyarwa, ya kamata mu nuna wa yara wannan lissafi, mu hane su hawa itace ɗiban ƙwai da harbin tsuntsu a kan sheƙa. Allah ya sa mu gane, amin.