Gidan Tsofaffin da Ɗalibai Ke Zama Kyauta

Mu da ke jami'a mun san zafin kuɗin haya. To, a garin Deventer na ƙasar Holan akwai gidan tsofaffi mai suna Humanitas, inda wasu ɗalibai ke zaune ba sa biyan ko sisi. Sharaɗin shi ne kowa ya ba maƙwabtansa tsofaffi awa 30 a wata: hira, kallon ƙwallo tare, koya musu aika saƙo ta intanet. Wanda ya kwanta ciwo, a zauna kusa da shi, don kaɗaici na cin tsoho.

Da farko dariya muka yi, tunda mu kakanninmu na cikin gida. Sai muka ƙirga awoyin hirarmu da su a watan jiya. Cikinmu babu wanda ya kai goma.